Ɗan Farina da Mai Gadin Duwatsu

Tun da na dawo daga Masar ba ni da sakat. In na zauna a gindin ɗorawar da ke bakin ƙofar gandu, abokan aiki su ce, "Oga Garba, ba mu labarin Alƙahira." In na je masallaci a tare ni a wurin takalma. Wani so yake ya ji ko na ga dalar Fir'auna, wani ko na sha ruwan Nilu. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta. Sai dai in gaya muku tun yanzu, ban dawo da labarin dala ba. Da kishi na dawo, kishin wani ƙato mai gashin baki da ake kira Ragab.

Ga wanda bai san ni ba, ni ma'aikacin gandun daji ne. Aikinmu sintiri da kama maharba da masu sare itace su yi gawayi. In kaka ta yi mu share layi, mu cinna wa ciyawa wuta da hannunmu tun tana da sauran danshi, don kada gobarar rani ta zo ta tarar da abin ci. A wannan aiki na yi furfura.

Abin da ya kai ni Masar ɗan farina ne. Ba za ku ga na yi saurin rubuta sunansa ba, kun kuma san dalili: ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifina ya ci. Tun ranar suna har na tafi Masar bakina bai taɓa furta shi ba. In yana kusa in ce "kai", in ba ya nan in ce "yaron nan". Ya samu tallafin karatu ya tafi can ya karanta ilimin tsirrai, ya gama lafiya. Muna zuba ido ya dawo, sai ya fara jan ƙafa, wai yana tunanin ƙara karatu. Kuma duk wayar da zai bugo, ba a rufe ta sai an ji "Ammu Ragab ya ce", "Ammu Ragab ya nuna mini", wato Baffa Ragab. Wai wani mai gadin gandu ne da yaron yake zuwa taya shi aiki ranar hutu. Yaron da bai taɓa taka dajina ba.

Mahaifiyarsa, Ladi, ita ta haɗa mini kaya. Tana ɗaure ƙullin daddawa ta ce, "Malam, ka taho mini da shi. In bai biyo ka ba, ka taho da ranar da zai dawo. Kada ka shigo mini gidan nan hannu rabbana."

Tun a motar Kano na fara rigima. Direbanmu ya gama shan taba ya cilla guntun ta taga, ga busasshiyar gamba dama da hagu. Na ce ya tsaya. Ya ce kan me? Na ce kan wutar da ya jefar. Fasinjoji suka yi mini caa, wata tsohuwa ta ce in jirgi nake so ya tashi ya bar ni, ita asibiti za ta. Sai da na ce zan buɗe ƙofa in dira sannan ya taka birki. Na koma baya a guje na nemo guntun tabar na murtsuke shi. Har muka shiga Kano ba wanda ya ƙara yi mini magana, ko da aka sayi gyaɗa aka zagaya da ita, ni aka tsallake.

Jirgi kuwa ba ni da abin cewa, don idona a rufe na yi rabin tafiyar. A filin jirgin Alƙahira aka duba fasfo da katin rigakafi, aka buga hatimi. Matsala ta taso a wurin masu binciken kaya. Wani jami'i ya kwance ƙullin Ladi, warin ya buge shi, ya ja da baya ya kira ɗan'uwansa. Larabcina na makarantar allo ne, ba a koya mana sunan daddawa a ciki ba. Na yi ta nuna baki ina nuna ciki, ba su gane ba. Sai kawai na gutsura na jefa a baki na tauna a gabansu. Suka dube ni da tausayi, ɗayan ya ce "khalas", ya yi mini alama in tattara in tafi.

A waje na hango yaron. Ya yi tsawo, ya ajiye gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ce, "An same ku lafiya?" na miƙa masa jaka. A gefenmu kuwa wani Balarabe ne ya rungume ɗansa, ƙaton saurayi, yana sumbatarsa a kumatu yana kuka. Na kau da kai don kunya ta kama ni a madadinsu.

Masaukina ɗakin ɗalibai ne a saman wani dogon bene, su huɗu 'yan Arewa. Ana hawa da wani keji mai ƙofar ƙarfe da yake nishi kamar tsohon jaki. Na shiga sau ɗaya, daga nan na koma bin matakala. Mai gadin benen, wanda suke kira bawwab, shi ya fara koya mini al'adar garin. Da ya ji ni ne uban yaron, sai ya daka tsalle ya ce, "Ahlan, ya Abu Wane," ya ambaci sunan garau. A can girmama mutum ke nan, a kira shi da sunan ɗan farinsa. Wato abin da na shekara ashirin da wani abu ina kauce masa, shi aka maƙala mini a wuya. Mai shago Abu Wane, mai shayi Abu Wane. Ɗaliban suna ta ƙunshe dariya, don sun san abin da ke ci na.

Abincinsu ba laifi in mutum ya haƙura da tuwo. Da safe wake ne dafaffe lugub da mai, a dangwala da gurasa, sai wani ƙosai kore a ciki. Akwai kuma koshari, shinkafa da taliya da wake duk a kwano ɗaya, kamar an kankare ƙasan tukwane uku. Na ci na ƙoshi, amma ranar da yaran suka kaɗa miyar kuka da daddawar Ladi, ranar na san na ci abinci.

Na ce ina son takalmin sintiri mai ƙwari, yaron ya kai ni Ataba. Kasuwa ce da in ka tsaya cak jama'a za su tafi da kai. A can muka haɗu da wani dattijo, Alhaji Bakuri, Bahaushen Sudan, kakanninsa sun bar Katsina a ƙafa za su Makka suka zauna a hanya, shi kuma yaƙi ya koro shi Alƙahira yana sayar da takalma. Hausarsa ta tsofaffi ce, an barbaɗa mata Larabci.

"Ya zol, kai ne ka haifi wannan?" in ji shi. "Wallahi ka yi dace. Da ya zo nan tare da Ragab, na ce wa Ragab ashe kana da ɗa baƙi ka ɓoye mana. Yadda yake riƙe masa hannu, sai ka rantse shi ya haife shi."

Na ce, "Allah sarki," na ci gaba da latsa bakin takalmi. Na sayi nawa. Yaron kuma ya zaɓi wata hula mai faɗin baki, ya juya ta, ya gwada. Na ɗauka tawa ce, har na fara shirin cewa ai da ka bari. Sai na ji ya ce, "Ta Ammu Ragab ta yage." Na ɗauki takalmina muka fito daga kasuwar.

Ranar Asabar ya ce za mu je in ga wurin. Muka shiga jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin gari zuwa Ma'adi, unguwar masu hali, a can kaɗai na ga itatuwa masu inuwa a jere. Daga nan tasi ta ɗauke mu har bayan gari, inda gidaje suka ƙare. Aka ce ga gandun. Na duba gabas na duba yamma. Kwari ne mai tsawo tsakanin duwatsu farare, yashi da tsakuwa, babu itacen da za ka ɗaure akuya. Na ce a raina, wannan ne aka fifita a kan dajin da ke da giwa da gwanki?

Ragab ya fito daga ofis da gudu-gudu. Ya kai ni shekaru, ya fi ni tumbi. Ya kama kan yaron da hannu biyu ya sumbaci goshinsa, ya kira sunansa har sau uku kamar mai waƙa, ya ƙara da "ya ibni", wato ɗana. Yaron ya yi wata irin dariya da ban san yana da ita ba. Sannan ya juyo ya rungume ni har sai da ƙashina ya yi ƙara. Na so in same shi da girman kai ko rowa, in samu abin riƙewa. Ban samu ba, shayi ya kawo mini da hannunsa, kuma wannan ya ƙara ɓata mini rai.

Yaron yana fassara, na tambaye shi me yake gadi a nan. Ya ce yanyawa da jemagu, da 'yan tsirrai masu ɓuya a gindin dutse, da katantanwar teku da ta zama dutse tun zamanin da wurin yake ƙarƙashin ruwa. Masu laifinsa su ne mai cusa dutse a aljihu, da mai zubar da shara, da direban tifa mai satar hanya ya juye ɓaraguzan gini. Ya nuna mini motarsa, ga igiyoyi, ga akwatin magani, ga oba-oba mai aiki. Mu tamu oba-obar sai an hau tudu an ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa. Na ce, "Gobara fa?" Ya yi dariya ya buɗe hannuwa ya nuna duwatsun, ya ce me za ta ci?

Ya ɗauke mu a mota muka shiga ciki. Mun sauka ke nan muna tafiya a ƙasa, su biyu a gaba kafaɗa da kafaɗa, ni a baya kamar ɗan rakiya, sai hancina ya jiyo hayaƙi. Wallahi ban yi shawara da kaina ba, ƙafafuna ne suka tafi. Na zagaya bayan wani dutse na tarar da garwashi jajur, iska tana kaɗa shi. Na zube a gwiwa na kamfaci yashi da hannu biyu na yi ta watsawa har ya mutu. Sai da na ɗago na ga mutane zaune a kan darduma, miji da mata da surukai, kowa baki buɗe. Wurin gashi ne da aka ware musu. Na binne musu kaji da tsire a cikin ƙasa.

Ragab ya iso yana haki, ya yi ta "ma'alish, ma'alish", wato a yi haƙuri. Yaron ya yi musu dogon bayani da Larabci, kansa a sunkuye. Maigidan ya saurara, ya fashe da dariya, ya jawo ni ya zaunar, aka miƙo mini lemo. Kowa ya yafe mini, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Ragab ya dafa kafaɗar yaron yana lallashinsa, kamar shi ne uban, ni ne baƙon da ya zo ya kunyata su.

Rana ta take sosai lokacin da oba-obar ta yi magana. Fuskar Ragab ta canza, ya ce "yalla", muka faɗa mota. Wani saurayi ne cikin masu hawan duwatsu santsi ya kwashe shi ya faɗa wani tsagi mai zurfi, ƙafa ta karye, abokansa sun taru a sama suna ihu. A nan na ga aikin mutumin, kuma dole in faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: ya iya. Da kalma biyu ya kori taron baya. Ya kira motar asibiti, ya ɗaura igiya a jikin motarsa, ya gwada ƙullin da nauyinsa. Tsagin ya yi masa ƙunci, don haka ya juya ya dubi yaron. Yaron bai jira an ce ba, ya zura ɗamarar igiyar, ya rataya akwatin magani, ya fara sauka.

Na kwanta rub da ciki a bakin ramin ina leƙe. Ya yi nisa da sauka sai na ga igiyar tana goga wani dutse kamar tulu, dutsen yana motsi, daidai saman kansa. Na ce, "Kai! Kai!" Wa zai waiwayo? Mutum goma ne a wurin suna hayaniya, kowa kai ne. Sunan yana bakina, ya zo har kan harshe ya tsaya. Sai muryar Ragab ta tsaga wurin da sunan, ya haɗa da kalma ɗaya. Yaron ya manne da bango nan take. Dutsen ya wuce ta bayansa ya tarwatse a ƙasa, nesa da wanda ya karye.

Aka ɗaure ƙafar saurayin, aka jawo shi sama, aka jawo nawa. Ragab ya rungume shi yana jijjiga shi yana "Alhamdulillah". Ni ina tsaye, abin da na iya cewa shi ne, "Sannu." Kafin mu kai bakin ƙofa motar asibiti tana jira. Na tuna ranar da 'yan bindiga suka yi mana kwanton ɓauna a bakin rafi, yadda muka sari sanduna biyu muka ɗaura riguna muka ɗauko abokina Sale, muna tafe yana yi mini wasiyya a kan 'ya'yansa. Bai kai bakin titi ba.

Da la'asar matar Ragab ta aiko da abinci ofis, 'ya'yansa mata biyu suka kawo, suka zauna suna wasa da tsakuwa a inuwar motar ubansu. Muna cin abinci ya yi wata magana, yaron bai fassara ba. Na ce, "Me ya ce?"

"Ba komai, Baba."

"Ka faɗa mini."

Ya dubi kwano ya ce, "Cewa ya yi ya ji kana da daji mai giwaye, shi bai taɓa ganin giwa ba sai a gidan zu. Wai me ya sa ba ka taɓa shiga da ni ba?"

Na ce a gaya masa abincin ya yi daɗi.

Sauran kwanakin na yi su ina juya saƙon Ladi a ciki, na kasa fitar da shi. Sun kai ni wurin dala, na gani, duwatsu ne su ma. Har ranar komawa ta zo. Muna zaune a filin jirgi, jakata cike da dabino da turaren Ladi, sai yaron ya gyara zama ya ce, "Baba, na fasa ƙarin karatun. Zan dawo bayan Sallah."

Zuciyata ta yi fari tas. Na ce a raina, to Ragab, sai ka riƙe hularka.

Ya ci gaba, "Na ji ana ɗaukar sababbin ma'aikata a gandunku. Zan nema. Na koyi igiya, na koyi ɗaurin karaya, na san tsirrai. Tun ina ƙarami in ka dawo kana warin hayaƙi nake jira ka ce gobe in biyo ka, ba ka taɓa cewa ba. Shi ya sa da na samu wanda ya ce in biyo shi, na bi. Amma ai kyan ɗa ya gaji ubansa."

Ga abin da aka aiko ni nema an ɗora mini a tafin hannu. Na ci Ragab da yaƙi ba tare da na ɗaga murya ba. Amma ina kallon wuyan yaron, inda igiya ta goge shi, sai na ga sanduna biyu da riguna a ɗaure. Na san wa za a fara turawa bakin rafi in sabon ma'aikaci ya zo, ɗan Oga ne ko ba ɗan Oga ba. A dajina yanzu ba giwa ake tsoro ba.

Aka yi kiran jirginmu. Na miƙe, ya miƙe ya ɗauki jakata. Na riƙe hannun jakar, hannuna a kan nasa.

Na ce, "Idrisu."

Ya saki jakar. Ya dube ni kamar wani ne ya yi magana a bayana.

Na ce, "Idrisu, ka zauna. Ka yi karatunka. Ka bi mutumin nan, yana da kirki, kuma ya iya aiki. In daji ya gyaru ni da kaina zan aiko maka, in shiga da kai ka ga giwa."

Ya ce, "Baba." Ni kuwa na ɗauki jakata na shige layi, ban waiwaya ba sai da na tabbata gilashi ya raba mu.

Da na iso gida Ladi ta leƙa bayana ta ga ba kowa. Ta ce, "Ina ranar?" Na ce babu, ni na ce ya zauna. Ta yi kwanaki tana ajiye mini tuwo ba magana. Daga baya da kanta ta zo ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Ya bugo waya. Wai ka kira sunansa." Na ce an yi haka. Ta ce, "To ni da na haife shi ban taɓa ba." Ta tashi ta shiga ɗaki.

To, masu tambaya, kun ji yadda Masar take. Kuna cewa in gaya muku abin da suka fi mu, ko motoci ne ko oba-oba. Waɗannan duk kuɗi na saye. Jiya ma an turo mini hoto, ga Ragab da sabuwar hularsa, hannunsa a wuyan ɗana, suna dariya a gaban wani dutse. Na daɗe ina kallo, kuma kishin yana nan inda yake, ban ga alamar zai tafi ba. Dajin mutumin nan ba itace, ba giwa, ba ko ciyawar da wuta za ta lasa. Amma daji ne da uba zai shiga da ɗansa da safe, su fito tare da yamma.